Hotunan da suka riƙa shigowa daga wayar mijina

Mijina ma'aikacin ƙarfen sabis ne. Idan ƙarfe ya tsaya a wani ƙauye, mutane suka daina samun kira, shi ake turawa ya hau ya duba. A shekarar da abin nan ya faru muna zaune a unguwar Galtimari, ni da shi da yaranmu biyu da mahaifiyarsa, wadda muke kira Ya, kamar yadda ake kiran uwa da Barbarci. Ni ina koyarwa a wata firamare da ba ta da nisa da gida.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan direbansa. Mutanen kudancin Barno ne, Kirista, matar tana aiki a ofishin cocinsu. Duk layin Maman 'yan biyu ake ce mata, ita kuma tana ce mini Malama. Mijina ne ya samo musu hayar gidan don su riƙa fita aiki tare da sassafe. Da azumi takan aiko mana da kunun gyaɗa, da Kirsimeti ni nake taya ta suyar kaji.

Gidanmu ba ya rasa na'ura. Akwai rauta mai raba intanet a saman kabad, akwai talabijin mai shiga intanet, akwai wata babbar waya mai faɗi da muke kira tab, wadda yara ke kallon zane a kanta, ni kuma nake shirya darasi. Duk ya haɗa su a akawun ɗaya da wayarsa. Aikinsa na bukatar ya ɗauki hoton komai: janareta kafin gyara da bayan gyara, batura, farantan da ke saman ƙarfe. Duk abin da ya ɗauka, hoto ko bidiyo, ko bai tura ba sai ya bayyana a tab. Idan kuma aka bar talabijin a kunne ba a kallon komai, sai ta riƙa jero sababbin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ta fi kowa jin daɗin wannan tsarin. Takan zauna a kan darduma bayan azahar tana kallon batura da wayoyin lantarki kamar mai kallon fim, ta ce ai ta ga inda ɗanta ya wuni.

Na taɓa tambayarsa yadda abin yake yi. Ina yankan kuɓewa, shi yana goge takalmi.

Ya ce, "Ba daga wayata yake zuwa wurinki kai tsaye ba. Yana hawa ƙarfen da ya fi kusa da ni, wannan ya miƙa wa na gaba, har ya faɗa wayar faiba da aka binne a gefen titi, ya tafi wata ma'ajiya can nesa. Daga can duk na'urar da ke da akawun ɗina za ta ɗauko shi. In babu sabis, hoton yana nan zaune cikin waya yana jira. Duk ranar da ta ga sabis zai taso."

Na ce to, na ci gaba da yankan kuɓewata.

Cikin damina aka tura su wani ƙarfe da ya tsaya a bayan gari, kan wata hanyar da ba a buɗe ta sai rana ta ɗaga, a kuma rufe kafin la'asar ta yi sanyi. Sun sha zuwa irin waɗannan wuraren. Da hantsi hotuna biyu suka shigo: ɗaya na layin motoci a shingen bincike, ɗaya na direban yana cin gasasshiyar masara a bakin mota. Daga nan shiru. Ban damu ba, don na san inda za su babu sabis, shi ma suka je gyarawa. Abin da na saba gani shi ne da zarar ƙarfen ya tashi, hotunan wunin duka su zubo lokaci ɗaya, tab ta yi ta ƙara kamar tsuntsu. Da wannan ƙarar nake sanin lokacin ɗora tukunya.

Ranar ba ta yi ƙara ba. Aka yi la'asar, na duba, babu komai. Na kira wayarsa, aka ce ba a samunta. Dab da magariba Maman 'yan biyu ta leƙo ta ƙofa, hannunta da garin tuwo.

"Malama, oga ya kira ki?"

"Bai kira ba. Naki fa?"

"Tun safe wayarsa ba ta shiga." Ta ɗan tsaya. "Wataƙila hanya ta rufe musu, sun kwana wurin sojoji. Sun taɓa yi ai."

"Sun taɓa yi," na ce mata. Sannan ta koma.

Washegari muka tafi ofishinsu tare a keke napep. Aka zaunar da mu, aka kawo mana ruwa. Wani babba a wurin ya ce suna ta bincike. Da na matsa, ya ce masu shingen sun ga shigar motar, ba su ga fitowarta ba, kuma ƙarfen har yanzu bai tashi ba. Ya ce mu koma gida mu yi addu'a. A hanyar dawowa Maman 'yan biyu tana motsa baki da addu'arta, ni da tawa.

Rana ta gaba na je makaranta don kada in zauna in haukace. Ban san abin da na koyar ba. Da na dawo, 'yata babba ta tare ni a tsakar gida, ko takalmin makaranta ba ta cire ba.

"Umma, Abba ya turo hoto. Amma ba shi ba ne."

Na shiga falo jakata na rataye a kafaɗa. Ya tana zaune a gaban talabijin, carbinta a hannu ba ta ja. A fuskar talabijin akwai hoton ƙasa mai jiƙa da ƙafar mutum cikin takalmin roba. Hoton ya wuce, wani ya zo: sama da rassan bishiya, a karkace. Sai na uku. Wani saurayi ne ya ɗauki kansa, fuskarsa ta cika talabijin ɗin, yana murmushi, bakin bindiga ya leƙo ta bayan kafaɗarsa. A bayansa ina iya ganin gefen motar aikin mijina.

Na zauna a hannun kujera. Ƙaramin ɗana ya ce, "Wane ne wannan?" Na tashi na fizge wayar talabijin daga soket, na kora yaran ɗaki.

Ya ta ce, "In hoto ya zo, ai wayar tana aiki. In wayar tana aiki, yana nan kusa da ita."

Ban iya gaya mata abin da na sani ba. Zuwan hoto ba ya nufin komai game da shi. Yana nufin wanda ke riƙe da wayar ya zo wani wuri da sabis ke kaiwa, shi ke nan. Na ɗauki tab na duba da kyau. Kafin hotunan baƙin akwai nasa na ranar da suka tafi, waɗanda suka yi ta jira a cikin waya: janareta a buɗe, batura, ƙofar shingen ƙarfen. Na ƙarshe hoton ƙarfen ne daga ƙasa. Bayan shi sai takalmin roba.

Na kira Maman 'yan biyu. Ta zo ta karɓi tab ɗin da hannu biyu, ta bi hotunan ɗaya ɗaya tana buɗe kowane lungu da yatsa. Akwai ɗan gajeren bidiyo a ƙarshe. Ba a ganin komai sai ciyawa da tayar babur, amma ana jin muryoyi da Barbarci, ana dariya. Ni ina jin yaren sama-sama, ita ba ta ji ko kaɗan. Muka kai wa Ya. Ta kara kunne, ta ce a maimaita. Aka maimaita.

"Musu suke yi a kan wanda zai riƙe wayar," in ji ta. "Ɗaya ya ce shi ya fara gani. Wani kuma ya ce a ba mutumin ruwa."

"Mutumin ko mutanen?" Maman 'yan biyu ta tambaya.

Ya ta sake saurara. "Mutumin."

Ba wadda ta kalli 'yar uwarta a cikinmu. Mutum ɗaya, kuma mu biyu ne.

Da yammar ranar wani tsoron ya sauko mini, ina tsaye ina wanke shinkafa. In abin da suka ɗauka yana zuwa gidanmu, to abin da ke gidanmu ma yana wurinsu. A cikin wayar akwai hotunan yarana da kayan makaranta, bajon makarantar a ƙirjinsu. Akwai ni, akwai Ya. Akwai ƙofar gidanmu shuɗiya ranar da aka yi mata fenti, da shagon mai caji da ke kallonta. Kuma duk abin da 'yata ta ɗauka da tab, shi ma yana tafiya can. Na saki shinkafar na ruga na duba. Tun bayan tafiyar ubanta ta ɗauki kanta da ƙanenta suna gwalo a tsakar gida. Na goge hotunan, ban san ko na makara ba. Na samo salatif baƙi na liƙe idon kyamarar gaba da baya.

Na koma ofishinsu da tab ɗin naɗe cikin zane a ƙasan jaka. Wannan tafiyar ma tsoro ce. Da an tsayar da mu a shinge an ce in buɗe jaka, me zan ce game da hoton saurayi da bindiga a na'urata? Wa zai tsaya ya saurari bayanin akawun da ma'ajiya? Abokin aikin mijina, wanda suka fara aiki tare, shi ya karɓe ni. Ya kwashi hotunan ya ce za a kai inda ya dace. Sannan ya ce akwai abu biyu.

"Zan iya goge wayar daga nan. Da zarar ta sake ganin sabis, komai zai tafi, har hotunan yara. Amma daga ranar ba za ki ƙara ganin komai ba. Ko kuma a bar ta yadda take."

"Kai me ka gani?"

"Ni ba zan zaɓa miki ba. Abin da na sani, duk sanda ta hau sabis muna ganin ƙarfen da ta hau. Ba ya nuna wuri daidai, amma ya fi babu."

Da na dawo na gaya wa Ya. Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta ce in na yanke wannan igiyar, in san cewa da hannuna na yanke. Maman 'yan biyu, da ke zaune tare da mu, ta kalle ni. Na bar wayar yadda take.

Har data muka riƙa saka wa layin, don kada ta ƙare hotuna su tsaya. Na tsaya a gaban mai shago na karanto masa lambar mijina, ya ce, "Injiniya ya yi tafiya ne?" Na ce eh. Ina tafe ina tunanin cewa yanzu na saya wa mai bindigan nan data.

Kwanakin da suka biyo baya, ƙarar tab ta zama abin da nake jira kuma nake gudu. Wani wunin babu komai. Wani wunin su zubo da yawa: babura a ƙarƙashin bishiya, tukunya a kan duwatsu, akuya da aka yanka, saurayin nan da hula, saurayin nan ba hula. Na san fuskarsa fiye da ta wasu 'yan uwana. Yana da tsaga a gira, haƙorinsa ɗaya ya karye. Na fara ganinsa a ko'ina. Na gan shi a mai tura baro, na gan shi a mai sayar da rake a bakin makaranta. Na daina barin yara su tafi su kaɗai. In aka buga ƙofa sai na leƙa ta ƙasa na ga takalmin mai bugawa kafin in buɗe.

A cikin wani hoton, can baya, akwai mutum zaune a gindin bishiya ya juya baya, sanye da rigar aikin nan mai ƙyalli. Muka buɗe shi har ya dagule ya zama tabo-tabo. Ya ta ce ƙeyar ɗanta ce, ita ta haife shi. Maman 'yan biyu ta ce a hankali, "Mama, kafaɗar nan ta mijina ce." Ni na kalla har idona ya yi ruwa. Dukansu suna da irin rigar. Na san abin da nake roƙo a zuciyata, na kuma san abin da yake nufi ga matar da ke zaune kusa da ni, cinyarta na taɓa tawa.

Wata ranar da hantsi, ina shanya, aka buga ƙofa. Na leƙa ta ƙasa na ga ƙafa cikin silifas daban-daban, ɗaya ja ɗaya kore. Na ce wane ne. Ya ce, "Ni ne."

Na buɗe, mijina ne. Ya rame, leɓensa ya fashe, wandonsa ya yage a gwiwa. Ya ta rarrafo daga ɗaki, ta kama fuskarsa tana magana da Barbarci tana kuka. Ni na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen zane, na kasa ajiyewa. Kafin ya zauna Maman 'yan biyu ta shigo, ta ji hayaniya. Ta kalle shi, ta kalli bayansa, ta kalli ƙofar da ke buɗe.

"Sannu da dawowa, oga," ta ce. "Ina shi?"

A gabanta ya ba da labarin, yana kallon ƙasa. Ya ce ya bar wayarsa a mota tana caji ya hau ƙarfen. Yana can sama ya hango babura suna fitowa daga cikin gonaki. Ya yi wa direban ihu, amma ƙarar janareta ta hana shi ji, kuma kafin ya sauko sun iso. Sai ya kwanta a kan ɗan dandamalin da ke bayan babban farantin, ya manne. Aka kashe janaretan. Daga nan yana jin komai. Suka tambayi direban ina sauran. Ya ce shi kaɗai ne, an aiko shi ya zuba mai, injiniya sai gobe. Suka mare shi suka sake tambaya. Ya ce shi kaɗai ne. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga kai ya kalli ƙarfen, rana ta kashe masa ido, ya sauke. Suka sa shi ya tuƙa motar, suka tafi.

Shi kuwa bai sauko ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Ya bi cikin gero da ƙafa har ya faɗa wani ƙauye, mutanen ƙauyen suka ɓoye shi, daga baya suka raka shi wurin sojoji. Yankin duka babu sabis, tunda ƙarfen da ke ba su bai tashi ba. Ya zauna a can har aka samu ayarin da zai shigo gari.

Maman 'yan biyu ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To rigar tasa ce ke nan." Ta miƙe ta fita. Ta katanga muka ji ta.

Da ya huta na nuna masa tab. Ya bi hotunan har ya zo kan na mutumin da ya juya baya. Ya daɗe a kai. Na gaya masa maganar gogewa. Na ce masa yanzu ya dawo, ina so a goge, ba na iya barci, yarana suna cikin aljihun mutumin nan.

Ya ce, "Da ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna sama, da yanzu ni ne a gindin bishiyar nan. Ko ma ba a gindin bishiya ba."

"Na sani. Amma yaran fa?"

"Ita ma tana da yara."

Muka daɗe a kai. A ƙarshe ya ce akwai hanya ta tsakiya. Zai kwashe hotunanmu na gida zuwa kwamfutarsa, sannan ya goge su daga ma'ajiyar. In wayar ta hau sabis za su ɓace daga cikinta ita ma, amma haɗin zai zauna, sababbin hotuna za su ci gaba da zuwa. Na tambaye shi ko ba za su lura ba. Ya ce wataƙila ba su ma taɓa buɗe wurin ba. Na ce ai an buɗe wayar. Ya ce direban ya san lambar sirrin, shi ke amsa masa kira in yana sama. Ya zauna wuni guda yana zaɓe yana gogewa: bikin suna, sallah, ranar fenti, yara a gidan zu. Maman 'yan biyu kuwa kullum da ta taso daga aiki sai ta biyo, ta zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, in miƙa mata tab. Ta sake ganin mijinta sau ɗaya, gefen fuskarsa, yana durƙushe a gaban injin mota. Ta sa yatsa a wurin ta bar shi.

Sun lura. Wata ranar Asabar bayan azahar tab ta yi ƙara, bidiyo ne. Mu huɗu muna falo, ni da mijina da Ya da Maman 'yan biyu, yara suna islamiyya. Saurayin ne, ya riƙe wayar kusa da fuskarsa, ba ya murmushi. Ya yi magana da Hausa, harshensa na Barebari.

"Masu kallonmu, sannunku. Mun ga kuna ɗauke kayanku. Ai mun riga mun gani. Ƙofa shuɗiya, ga mai caji. Yarinya da yaro." Ya juya wayar. Direban yana zaune a ƙasa, ya ɗago kai ya kalli kyamarar, ya rame ƙwarai amma idonsa biyu. "Ga mutuminku, yana mana gyaran mota. Ya ce shi kaɗai ne. Ashe ba shi kaɗai ba ne."

Bidiyon ya ƙare a nan. Na miƙe ban san na miƙe ba, ina neman mayafi, ina cewa yara, yara. Mijina ya riga ni fita. Na bi shi da gudu ba takalmi har islamiyyar, muka ciro su daga aji, malamin yana tambaya lafiya.

Da muka dawo Maman 'yan biyu tana nan inda muka bar ta, tab a cinyarta. Ita ta fara magana.

"Oga, ka goge."

Ya ce, "In na goge ba za ki ƙara ganinsa ba."

"Yanzu sun san ana kallo. Duk hoton da ya zo daga yau, don mu aka ɗauke shi. Ba na so in ga abin da za su ɗauka don mu." Ta miƙa masa. "Ka tura mini wannan na ƙarshen a wayata tukuna. Ka yanke inda yaron yake magana, ka bar mini inda ya ɗago kai."

Ya yi yadda ta ce. Ya sanar da ofis, suka kwashi bidiyon, sannan ya ba da umarnin gogewar. A fuskar kwamfutar aka rubuta cewa ana jira wayar ta hau sabis. Kafin magariba mun haɗa kaya mun koma gidan yayana a Yerwa, wato tsohon gari, cikin lungun da ko keke napep ba ya shiga. Ita ma ta kwashe 'yan biyunta zuwa gidan wani dattijon cocinsu. Ya ta yi ta waiwayen gidan daga cikin mota. Bayan kwana biyu ko uku rubutun ya canza, aka ce an goge.

Na yi zaton hankalina zai kwanta. Bai kwanta ba. Dā ina ganin inda suke, ko da gindin bishiya ne da ban san ta ba. Yanzu ba na ganin komai, su kuma sun riga sun gani. Na sauya wa yara makaranta. Mijina ya sa aka yi wa ƙofar fenti ruwan ƙasa, duk da ba ma ciki. Watanni ina tafiya a kasuwa ina duba girar samari. Ba wanda ya taɓa zuwa, ko a Galtimari ko a Yerwa. Maƙwabta sun ce ba su ga baƙuwar fuska ba. Amma ban koma gidan ba, muka saki hayar.

Ni da Maman 'yan biyu muna waya lokaci lokaci. Ba mu da abin faɗa da yawa. Takan tambayi jikin Ya, in tambayi 'yan biyu. Mijina yana kai musu abin da ya samu duk wata, ya dawo ya shiga ɗaki ya rufe.

Bayan an gama girbi Maman 'yan biyu ta kira ni da safe, ina aji. Muryarta ta shaƙe har ban gane ta ba da farko. Ta ce an kira ta, mijinta yana cikin wasu mutane da suka gudo daga daji, ana tantance su, an ce ta kawo masa kaya. Na fita bakin aji na zauna a kan dakali, ɗalibai suna leƙena ta taga.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin a sallame shi. Muka je gaishe shi a gidan dattijon. Yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango, ƙafarsa ɗaya a miƙe, ba ta lanƙwasuwa sosai. Ban tambayi abin da ya same ta ba. Mijina ya durƙusa a gabansa ya kama hannunsa, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Direban ya ce, "Oga, bar shi kawai." Aka kawo shayi. Suka ce sun yanke shawarar komawa garinsu a kudu, wurin iyayensa, da zarar ya ji ƙarfi.

Da za mu tafi direban ya ce, "Ƙarfen nan, an tashe shi kuwa?"

Mijina ya ce an tashe shi, da rakiyar sojoji aka je.

"Wa ya hau?"

Mijina ya ɗan kalle ni. Ya ce, "Ni."

Ban sani ba sai a lokacin. Ranar ce mini ya yi aikin cikin gari ne. Ban ce komai ba a gaban mutane. Muka yi sallama, Maman 'yan biyu ta rako mu har bakin titi, ta riƙe hannuna har keke napep ya tsaya. Muna zaune a baya, ni da shi, na tambaye shi ko gobe ma aikin cikin gari ne. Ya ce bai sani ba tukuna, sai ya je ofis.